Daminar da Muka Yi Jinyar Yaya

Maigidana bai shawarce ni ba. Da wannan nake farawa duk lokacin da aka ce in ba da labarin shekarar da muka bar bakin asibiti muka koma ƙauyensu, domin masu ba da labarin a majami'a tsallake wurin suke yi.

A farkon shekarun tamanin muna zaune a unguwar ma'aikatan wani asibitin mishan, ba nisa da Madawa. Aikinsa wanke miki da ɗaure shi da yin allura. Hannunsa ba nauyi, har tsofaffi sukan ƙi miƙa hannu ga kowa sai ya zo. Muna da ɗaki biyu, famfo yana kusa, ɗiyanmu huɗu. Babbar tana ajin ƙarshe a lakwal, wato firamare, malaminsu kuma ya ce kanta yana ja.

Ni a gidan masu bin Almasihu aka haife ni, don haka ban san ɗacin kora ba. Shi kuwa ya sani. Ɗan wani ƙauye ne a kwarin da ke bayan Tama, ƙasar Buza. Yana saurayi aka kawo shi asibitin da gyambo a ƙafa, ya yi watanni a kwance, ya ji wa'azi, ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma. Da ya koma gida, mahaifinsu ya riga ya rasu, wansa ne babba. Wan nan ya fitar masa da tabarmarsa da hauyarsa ƙofar gida, ya ce uwarsu ɗa guda ta haifa. Shekara goma sha biyar ba aike, ba gaisuwa. Duk da haka ban taɓa jin maigidana ya kira shi da wani suna ba sai Yaya, ni ma haka na bi.

Da bazara wani mai fataucin albasa daga ƙauyen ya kawo labari cewa Yaya yana tari har da jini. Ƴaƴansa maza biyu sun tafi ci-rani bakin teku, ba a jin ɗuriyarsu. An ce masa ya zo asibiti, ya rantse ba zai taka wurin da aka raba shi da ƙanensa ba. Maigidana ya je ya kwana biyu, ya dawo da kakin Yaya a ƴar kwalba, matar Yayan ce ta ɓoye ta ba shi. Aka duba, aka ce tarin fuka ne. A lokacin maganinsa allura ce kullum har tsawon watanni, ga ƙwayoyi na fiye da shekara. Wanda ya fara ya bari, gara ma bai fara ba.

Ya gama magana da likita da babban ma'aikacin jinya, wanda muke kira majo, ya karɓi magani da hutun wata guda, sannan ya zo ya same ni ina tankaɗe.

"Jibi zan tahi gida," in ji shi.

"Wane gida?"

"Gidanmu. Ni zan riƙa yi ma Yaya allura."

"Wanda ya hidda maka tabarma waje?"

"Shi ɗin."

"Wata guda ya isa?"

Ya san bai isa ba, majo kuma ya gaya masa gaskiya cewa marasa lafiya ba za su jira ba, in ya wuce wata dole a sa wani a gurbinsa.

Na ce, "Shi zo nan mana. Ga gado, ga likita."

"Ya rantse."

"Shi ya yi rantsuwa, mu za mu yi kaffara?"

Ya ce, "In ban tahi ba, ba shi kai kaka. Almasihu bai jira muka roƙe shi ba kahin shi ba da ransa dominmu."

Wannan halin nasa ne ya fi ci mini rai. Muna gardama ni da shi, sai ya jawo Ubangiji cikin maganar, in ga ni kaɗai ina ja da mutum biyu. Na ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba ƙasa ban kula ba.

Wata ya cika bai dawo ba. Aka ɗauki wani a aikinsa, gidan kuwa na ma'aikata ne, sai mu tashi. Na bar babbar ɗiyata wurin ƙanwata saboda jarrabawar sartifika, na ɗora sauran uku da buhun dawa biyu da muka tara a kan kamyo, babbar motar kaya. Inda mota ta tsaya muka hau jakai, muka bi ta cikin duwatsu har ƙauyen.

Aka ba mu wata bukka a ƙuryar gida inda ake ajiye harawa. Faccalata, matar Yaya, doguwa ce marar yawan magana. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta: tsoron mijin ya mutu, tsoron bakin mutane, tsoronmu. Ranar farko ta ware mana ƙwaryarmu da ludayinmu ta aje gefe. Na gaya wa maigidana, ina jiran ya ji haushi. Sai ya yi dariya ya ce ai da wannan ciwon raba kwano shi ne daidai, ta riga shi yin aikin likita.

Kowace safiya yakan dafa kayan allura a ƴar tukunya, a murhuna, da itacen da na yi tafiya mai nisa na samo. Sai ya shiga ɗakin Yaya. Ina ganinsu ta ƙofa. Yaya ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Yakan juya fuska bango, ya ɗaga riga, ya yi bisimilla. Maigidana ya yi allurar, ya ba shi ƙwayoyi, ya tsaya sai ya ga ya haɗiye, ya wanke kaskon da yake tofa kaki, ya ce, "Sannu, Yaya. Allah shi ƙara sauƙi." Ba amsa. Ko tari Yaya ba ya yi sai ya fita. Haka kullum. Daga nan maigidana ya saɓa sungumi ya nufi gonar Yaya, domin ba mai noma ta.

Sau uku muka yi shuka a daminar nan. Ta farko ta ƙone, ta biyu iska ta binne ta da rairayi. Ta uku ta tashi har gwiwa, muka fara sa rai, sai ruwa ya ɗauke. Hadari yakan haɗu ta gabas, mu fito mu tsaya muna kallo, ya watse. Manyan rumbunan lakar ƙauyen suka zama wofi. Mata suka shiga daji tsinkar anza, mu jiƙa ta kwana da kwanaki muna sake ruwa don ɗacin ya fita, sannan mu dafa. Ɗiyana ba su taɓa cin ta ba, ƙaramin yakan tofar yana kuka.

Ban ce mutanen ƙauyen sun wulaƙanta mu ba. Limamin ƙauyen tsoho ne mai sanyin hali, in ya haɗu da maigidana yakan tsaya su gaisa sosai, shi ne ma ya fara turo masu miki gidan. Kafin a jima, duk wanda ƙaya ta soke ko wuta ta ƙona sai ya zo, maigidana ya wanke da ruwan gishiri ya ɗaure da tsumman zanena da ya yayyaga. Amma ranar Lahadi a bukka muke sujada, murya ƙasa-ƙasa. Maigidana ya roƙe ni kada in yi waƙa da ƙarfi, don kada Yaya ya ga kamar mun zo cin gidansa ne. Ni da nake ba da waƙa a zumuntar mata, na koma motsa leɓe.

Dawar da na kawo, ya ce a haɗa ta da abincin gida, wai mai shan wannan magani dole ya ci ya ƙoshi. Na ga buhu na farko ya ƙare cikin bakin mutum goma sha ɗaya. Kafin a buɗe na biyu na ɗebi rabinsa na zuba a tulu, na rufe da tsofaffin tufafi. Da rana tsaka, in maigidana yana gona, sai in saki tabarmar ƙofa in dama wa ɗiyana kunu. Autar faccalata, ƴar shekara biyar, takan zo ta tsaya bayan tabarmar. Ina ganin ƙafafunta ta ƙasa. Ban taɓa ɗaga tabarmar ba. Na san abin da bangaskiyata ta ce in yi, na kuma san adadin cikin da na haifa.

A cikin kwanakin nan ƙaramin ɗana ya kamu da zawo har idanunsa suka faɗa. Faccalata ta tatso akuyarta guda da ta rage, ta kawo nonon a ƙoƙo, ta aje bakin bukkata ta juya. Na ba yaron, ina jin kunya, ina kuma jin haushin an sa ni jin kunya. Shekaru da yawa bayan haka na tara ƙarfin hali na gaya mata zancen tulun, na roƙe ta gafara. Ta dube ni ta ce, "Na sani tun ranar. Ni ma ina da nawa tulun." Muka yi dariya har da hawaye, amma ƙafafun yarinyar nan ba su bar ni ba har yau.

Yaya ya fara murmurewa. Jinin ya tsaya, allurar ta koma sau biyu a mako, ya soma fita zaure da sanda. Maigidana kuwa, da gona ta mutu, sai ya koma haƙa rijiyoyi a fadama wa masu lambun albasa, a ba shi ɗan hatsi ya kawo gida. In an zuba masa tuwo yakan ci loma biyu ya tura wa yara, ya ce ya sha fura a lambu. Na yarda, domin ina so in yarda. Tarin ma da ya fara, ya ce sanyin rijiya ne.

Wata rana ina neman wuƙa a jinkar bukka, hannuna ya taɓo tsumma a dunƙule. Na buɗe, jini ne, busasshe da sabo. Na zauna a ƙasa har ya dawo.

"Tun yaushe?"

"Mako ukku. Ko huɗu."

"Kai da kake zuwa asibiti wata-wata karɓo magani? Ba ka buɗe baki ka hwaɗa ba?"

"Da na hwaɗa sai su riƙe ni. In na kwanta can, wa zai tsaya bisa Yaya? Da ya ji ƙarhi zai bar ƙwayoyin, ciwon shi dawo, duk wahalarmu ta tashi banza."

"Ɗiyanka hwa? Su wa zai tsaya bisansu?"

"Ubangiji shina nan."

"Ubangiji ya ba su uba, uban ya ba da kansa ga wani!"

Ban jira amsarsa ba. Na ɗauki tsumman na fita. Bayan la'asar ce, Yaya yana zaune ƙofar gida da liman da wasu dattawa. Tun zuwana ban taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa a durƙushe. Ranar ban durƙusa ba. Na jefa tsumman a gabansa.

Na ce, "Yaya, duba. Jinin ƙanenka ne. Ya bar aikinsa, ya bar gidansa, ya nome maka gona, ya wanke maka kaki, ya ɗauke ciwonka ya sa ga ƙirjinsa. Wata bakwai ko sannu ba ka ce masa ba. To ga shi nan, ka samu abin da kake so. In ya mutu sai ka san inda za ka sa mu."

Liman ya ce, "Haƙuri, ɗiyata, haƙuri." Yaya ya sa kan sandarsa ya buɗe tsumman, ya daɗe yana kallo. Bai ɗago ido ba ya ce, "Shiga gida."

Da na koma, maigidana, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya ce na kunyata wansa a gaban mutane, in je in ba shi haƙuri. Na dube shi, yana riƙe da ƙirji yana haki, yana kare mutuncin wanda ya kore shi. Na rasa ko in yi kuka ko in jefe shi da murfin tukunya. Na ce ba ni zuwa, ban kuwa je ba.

Washegari da hantsi na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Yaya ne ya aro ta, ya shimfiɗa tabarma a ciki, ya sa babbar rigarsa ta zuwa kasuwa. Ya tako har bakin bukkarmu, inda bai taɓa zuwa ba, ya ce, "Kai, taso ka hau."

Maigidana ya ce, "Yaya, ƙwayoyinka..."

"Suna aljihuna. Hau, na ce."

Maganar farko ke nan da na ji ya yi masa. Muka kai bakin hanya, muka jira kamyo har rana ta take, muka isa asibitin da yamma. A ƙofar shiga Yaya ya tsaya cik. Ni ina riƙe da yara, maigidana yana jingine a kafaɗarsa. Yaya ya dubi ƙofar, ya dubi ƙasa, ya gyara riƙon ƙanensa, ya shiga. Daga baya faccalata ta gaya mini ya yi azumin kwana uku saboda rantsuwar da ya karya.

Hoton ƙirji ya nuna ciwon ya ci huhu guda sosai, yunwa ta ba shi hanya. Aka kwantar da shi. Ni ba gida, ga yara huɗu a ɗakin ƙanwata, dole in nemi abin da za su ci, na shiga suyar ƙosai da wankau. Sai Yaya ya zama mai jinya. Wata huɗu yana kwana a barandar ɗakin masu tari. Yakan dama kunu a murhun duwatsu uku, kunu mai gudaji wanda ko yara ba za su sha ba, maigidana ya shanye tas. Yakan fitar da kasko ya wanke. In lokacin salla ya yi, ya je gindin bedi ya shimfiɗa buzunsa. Da safe majo yakan miƙa wa kowannensu ƙwayoyinsa, su haɗiye tare.

Na yi ta jiran ranar da Yaya zai ce ya yi kuskure. Na shirya amsar da zan ba shi, na gyara ta sau da yawa ina bakin kaskon suya. Bai faɗa ba, ga ni ko ga ƙanensa. Ƴan majami'a kuwa wani abu suke jira daban. Suna ta addu'a Yaya ya karɓi Almasihu, suna leƙe suna ƙirga kwanaki. Da aka sallami maigidana, Yaya ya naɗe buzunsa ya koma ƙauye da addininsa. Wani dattijon ikkilisiya ya zo gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya ce abin tausayi ne a sha wannan wahala ba a samu ran mutumin ba. Maigidana ya ce, "Ban tahi sayen shi ba. Wana ne, ba shi da lahiya."

Maigidana ya rayu, amma bai koma yadda yake ba. In ya yi taku ashirin sai ya tsaya ya huta. Allurar da ta warkar da shi ta taɓa masa kunnuwa, sai an ɗaga murya yake ji. Asibitin ya taimaka, aka ba shi aikin zaune, naɗe bandeji da yanka auduga, muka kama ɗaki guda a cikin gari. Babbar ɗiyata ta ci sartifika, an kuma ba ta wuri a makarantar gaba a Madawa. Amma lokacin da aka buɗe makarantu muna cikin anza, da aka zo ga jinya kuma ita ce mai riƙe mini ƙannenta. Wurin ya wuce ta. Ta koyi ɗinki, ta yi aure, tana zaune lafiya. Ita ba ta tayar da zancen. Ni ce nake tayarwa.

Da Ista ta zagayo, fasto ya yi wa'azi a kan ƙaunar da take ba da rai, ya kawo misali da maigidana, ya sa shi ya miƙe tsaye. Mutane suna ta girgiza kai, wasu suna share hawaye. Ba a ambaci bukkar harawa ba, ko itacen da aka dafa allura da shi, ko yarinyar da ta rasa karatunta. Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Ke kam kin yi dace da miji." Na tashi na fita kamar zan kai yaro bayan gida.

A gida na zazzage masa duk abin da ke cikina. Da yake sai da ihu yake ji, maƙwabta ma sun ji. Na ce an mai da shi jarumi da gumina da na ɗiyana, na ce shi ya zaɓi gicciyensa, mu kuwa ɗora mana aka yi. Ya saurara yana kallon bakina har na gama.

Ya ce, "Gaskiyarki. Na yi miki laihi, ke da yarinyar. Ki gahwarta mini."

Zuciyata ta fara sanyi. Sai ya ƙara, "Amma in an sake, sai na sake tahiya."

Na gafarta masa, ba a ranar ba, kuma ba sau ɗaya ba. Na yi imani Ubangiji ya yi wani aiki a gidan nan, a cikin Yaya, a cikina ma. Abin da ban gane ba, na kuma sha tambaya a addu'a, shi ne dalilin da ya sa aikin ya bi ta kan yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Bayan haka Yaya yakan zo kowace kaka da damin gero a kan jaki. Sai maigidana ya aika a kira mahaucin unguwa ya yanka kaza, don Yaya ya ci hankali kwance. Su zauna a inuwa suna hira da ƙarfi kamar masu faɗa, zancen gona da na ƴaƴan da suka dawo daga bakin teku hannu wofi.

Shekara tara maigidana ya ƙara, huhun ya gaza. Yaya, da aka ce ba zai kai kaka ba, ya zo jana'izar da ƙafarsa, ya daɗe kuma a duniya bayan haka. Bai shiga majami'a ba, ya tsaya bakin ƙofa a rana har aka gama sujada. A maƙabarta ya karɓi shebur daga hannun samari ya yi ta zuba ƙasa har aka riƙe shi. Da zai tafi ya ce mini, "Allah shi ba ki haƙuri." Na ce amin.

Ya bar mini faccalata ta taya ni zama. Ta yi kwana goma sha biyu, tana share ɗaki, tana karɓar masu gaisuwa, tana salla a kusurwar da nake karatun safe. Ana gobe za ta koma muka yi cacar baki a kan miya, ta ce na cika gishiri, na ce ita ce harshenta ya tsufa. Da safe na raka ta tasha, na ɗaura mata ƙullin ƙosai a bakin zane, na tsaya har motar ta cika ta tashi.